Liman ya ɓoye mutum 262, lambarsa ta yi shekara huɗu a hanya

Ranar Talata 11 ga Oktoba, 2022, babban zauren taro na ƙasa da ƙasa da ke Abuja ya cika maƙil da manyan riguna da rawuna. Shugaba Muhammadu Buhari ne ke raba lambobin girmamawa na ƙasa ga mutum sama da 400. In ka bi jerin daga sama, waɗanda aka saba gani za ka gani: shugaban majalisar dattawa, alƙalin alƙalai, gwamnoni, ministoci, sarakuna, attajirai, hafsoshin soja. Sai ka gangaro can ƙasa kafin ka tarar da sunan wani dattijo, limamin ƙauye daga ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, Malam Abubakar Abdullahi, wanda aka ba lambar MON saboda mutanen da ya ɓoye daga 'yan bindiga a 2018. A jawabinsa na ranar Buhari ya ambace shi da suna, tare da wata mai shara a filin jirgin saman Legas da wani mai gadin banki, waɗanda suka tsinci dalolin Amurka suka mayar.

Mu a Jos mun ji daɗi, babu ɓoye-ɓoye. Labarin ya yi ta yawo a waya, Musulmi na turawa, Kirista na turawa, abin da ba kasafai yake faruwa da labari ɗaya a garin nan ba. Amma da na zauna na ƙirga da yatsu, sai na ga tsakanin ranar da Liman ya yi aikinsa da ranar da ƙasarsa ta ce masa an gode akwai shekara huɗu da wata uku da 'yan kwanaki. Mutumin kuwa ya haura tamanin tun ranar da abin ya faru. Da Allah ya yi masa rasuwa a tsakani, da ɗansa za a kira ya karɓa.

Wannan tazara ce ta sa ni bin lamarin tun daga tushe, don a cikinsa akwai kusan duk abin da ke damun yadda hukumominmu ke gode wa wanda ya fara kai ɗauki.

Asabar ɗin Nghar

Ƙauyukan da ke kewayen Gindin Akwati, a Barikin Ladi, kuza ce ta haɗa mutanensu. Tun zamanin Turawa Hausawa suka riƙa zuwa aikin haƙar kuza a ƙasar Birom, suka kafa bariki-bariki, suka hayayyafa, har sunayen wuraren ma suka zama na Hausa: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Dorowa, Yelwa. Masallacin da Liman ke jan salla a Nghar Yelwa, kamar yadda shi da kansa ya shaida wa manema labarai, an gina shi ne a kan filin da Kiristocin wurin suka bai wa Musulmi kyauta shekaru sama da 40 kafin wannan rana.

Ranar Asabar 23 ga Yuni, 2018, 'yan bindiga da ake zargin makiyaya ne suka afka wa ƙauyuka da dama a Barikin Ladi lokaci guda. Da rana ne, Liman da jama'arsa ba su daɗe da idar da salla ba suka fara jin harbi, sai ga mutane a guje, mata da goyo, tsofaffi, yara, mafi yawansu Birom Kirista. Ya shigar da mata cikin gidansa, maza kuma masallaci, aka rufe ƙofa. Adadin da aka fi ambata shi ne 262.

Maharan suka biyo sawu suka ce a fito da su. Nan ne dattijon ya fita ya tsaya musu, ba makami, ba soja a kusa. Ya ƙi buɗewa. Ya zube ƙasa yana roƙonsu, wasu Musulmin unguwar suka taya shi da kuka da magiya, har ya ce in dole sai an kashe, to a fara da shi. Suka juya suka tafi. Ba su tafi hannu rabbana ba, don sun cinna wa coci wuta a kusa, kuma waɗanda ba su samu isa masallacin ba da yawansu ba su tsira ba. 'Yan sanda sun ce mutum 86 aka kashe a hare-haren, mutanen yankin kuwa sun ce adadin ya haura 200.

Washegari abin ya juyo ta ɗaya gefen. Matasa suka tare hanyar Jos zuwa Abuja suna far wa matafiya da suka yi kama da Hausa-Fulani. Gwamnati ta sa dokar hana fita daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a Barikin Ladi da Riyom da Jos ta Kudu. Duk wanda ke Jos a makon nan ya san yadda gari ya yi tsit, kowa ya koma unguwar da ta dace da sunansa. A cikin wannan yanayi mutanen da Liman ya ɓoye suka yi kwana biyar a wurinsa kafin a kwashe su zuwa sansanin 'yan gudun hijira.

A riƙe wannan kwana biyar ɗin, zan dawo kansa.

Hanyar da godiya ta bi

Wakiliyar BBC ce ta fara fitar da labarin ga duniya, kuma akwai wani abu a rahoton farko da mutane suka manta: an rufe fuskar Liman a hoto, an sakaya sunansa, saboda tsoron abin da ka iya samunsa. Wato abu na farko da aikin alheri ya jawo masa shi ne buƙatar a ɓoye shi kamar yadda ya ɓoye wasu.

Ba a daɗe ba sunan ya fito. Gwamnan Filato na lokacin, Simon Lalong, ya sanar cewa shugaban ƙasa ya ce a kawo masa Liman su gaisa, kuma za a ba shi lambar ƙasa. Jakadan Amurka a Najeriya, Stuart Symington, ya nemi dattijon ya gana da shi. A 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya karɓe shi a fadar gwamnati da ke Abuja. A watan Yulin wannan shekara Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, ƙarƙashin Mike Pompeo, ta ƙirƙiro wata lambar yabo ta kare 'yancin addini, kuma a rukunin farko da aka bai wa a Washinton akwai Liman, tare da wasu daga Sudan da Iraƙi da Barazil da tsibirin Sayifurus. Shekara ɗaya da 'yan makonni kenan bayan harin. Ta gida kuwa, wadda aka yi alkawari tun 2018, sai da ta ƙara shekara uku.

Ba na zargin cewa wani ne ya zauna ya danne takardarsa. Yadda aka gina tsarin ne. Dokar lambobin girmamawa ta ƙasa ta 1964 ce, kuma komai nata daga sama yake gangarowa: kwamiti ya tace sunaye, shugaban ƙasa ya amince, a jira ranar da za a yi biki. Gwamnatin Buhari kuma ta yi shekaru ba ta yi babban bikin ba. Amma kada a ce ba a iya gaggawa in an so. Kwana 11 kacal kafin harin Nghar, ranar 12 ga Yuni, 2018, an yi biki na musamman a Abuja aka ba marigayi MKO Abiola lambar GCFR, aka ba Babagana Kingibe da marigayi Gani Fawehinmi GCON, kuma tsakanin sanarwa da bikin bai kai mako biyu ba. Wancan lamari ne da ke da nauyi a siyasar ƙasa, zaɓe na ƙaratowa. Na Liman bai da mai tura shi.

Sannan ga matsayin lambar. Lambobin nan hawa takwas ne: GCFR, GCON, CFR, CON, OFR, OON, MFR, sai MON a ƙarshe, ƙasa da ita sai 'yan lambobin da ake kira medal. A al'ada muƙami ke yanke wa mutum hawan da zai samu. Wanda ya riƙe kujera kaza yana da CON ko ya yi aiki ko bai yi ba. Wanda ya shimfiɗa wuyansa gaban bindiga don mutum 262 ya samu hawan ƙarshe. Ban ce lambar ba ta da daraja ba, kuma na san shi ba mai ɗaga irin wannan magana ba ne. Ni ne nake ɗagawa.

Wani ƙaramin abu kuma da ke ba ni dariyar takaici: har yau jaridu ba su daidaita kan sunansa ba. Wasu su rubuta Abubakar Abdullahi, wasu Abdullahi Abubakar. Wasu su ce 262, wasu su cike su ce 300. Mutumin da ya fi kowa shahara a wannan fage kenan. To ina ga wanda babu ɗan jaridar da ya taka ƙofar gidansa?

Kwana biyar

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum 262 ba za su yi kwana biyar suna shaƙar iska ba. Akwai wanda ya ɗebo ruwa, akwai matan da suka ɗora tukunya safe da dare da hatsin da aka tanada don damina, a watan Yuni, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba. Akwai wanda ya ba da tabarma, wanda ya kwana a bakin ƙofa yana kasa kunne, wadda ta karɓi jaririn da uwarsa ta ɗimauce. Akwai na'ibin Liman, wanda Bafulatani ne, ya tsaya tare da shi a daidai ranar da ake cewa 'yan ƙabilarsa ne ke harbi. In ka auna, haɗarin da wannan bawan Allah ya ɗauka ta fuska biyu ne, amma mutum nawa ne a Jos za su iya faɗa maka sunansa?

Karramawar da ke zuwa daga nesa haka take, fuska ɗaya take iya gani. Wanda ke Washinton ko Abuja yana buƙatar suna guda da hoto guda da zai shiga sanarwa. Ba laifinsa ba ne, iyakar abin da idonsa ya hango kenan. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kuma shi ya san wanda ya hau ya toshe. Mai unguwa ya san matan da suka yi girkin nan gida-gida. Kansila ya sani. Malamin asibitin sha-ka-tafi na gundumar ya san wanda ya goyo mai rauni ya kawo. Duk waɗannan suna ƙarƙashin inuwar ƙaramar hukuma ne, ita ce gwamnatin da ta fi kusa da ƙofar masallacin nan.

Wa ke da alhakin cewa an gode a Jos?

A wasu ƙasashe birni na da magajin gari guda, 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da motocin asibiti duk ma'aikatansa ne, don haka in shekara ta zagayo shi ke tara su ya karrama waɗanda suka yi fice, har da mutanen gari da suka taimaka. Jos ba haka take ba. Tun 1991, zamanin Babangida, aka raba tsohuwar ƙaramar hukumar Jos, yau birnin ya rabu tsakanin Jos ta Arewa da Jos ta Kudu, ga Jos ta Gabas a gefe. Tsara gine-gine na hannun hukumar raya birnin Jos, wadda ta jiha ce. 'Yan sanda na tarayya ne, haka jami'an kiyaye haɗurra, haka hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, haka rundunar haɗin gwiwa da aka girke a Filato tun 2010. 'Yan kwana-kwana akwai na jiha akwai na tarayya. Ciyaman ba shi da ko ɗaya daga cikinsu a takardar albashinsa. Ko Abuja ma minista ke riƙe da ita, ƙananan hukumominta shida na biye.

Sai kowa ya ɗauka godiya aikin wani ne. Jami'i mai kaki aƙalla yana da shugabansa da zai iya rubuta masa takardar yabo ko ya sa shi a jerin ƙarin girma. Ɗan agaji, mai baro, direban Keke Napep, mai haƙa kabari, waɗannan ba su da fayil a ofishin kowa.

Alhali kuwa ƙaramar hukuma na da kayan karramawa a hannunta, kundin tsarin mulki ne ma ya ba ta. Jadawali na huɗu na kundin 1999, inda aka jera ayyukanta, ya ambaci rajistar haihuwa da mutuwa da aure, kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, sannan ya ambaci raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Raɗa wa titi suna ba ya buƙatar kwamitin Abuja, ba ya cin kuɗin da ya wuce na allo da fenti. Yanzu ka zaga Jos ka karanta allunan: Ahmadu Bello, Tafawa Ɓalewa, Murtala Muhammad, Yakubu Gowon, Joseph Gomwalk, Rwang Pam. Duk sun cancanta, ba gardama, amma duk masu mulki ne ko masu sarauta. Filin jirgin saman da ke Heipang, wanda ke cikin Barikin Ladi ɗin ita kanta, sunan Gowon yake ɗauke da shi.

Na san abin da ɗan Jos zai ce in ya karanta wannan: ai a nan raɗa suna ba wasa ba ne. Gaskiya ne. Garin da zaɓen ƙaramar hukuma ya jawo zubar da jini a Nuwambar 2008, garin da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙasa ke raba mutanen da aka haifa a ɗaki ɗaya na asibiti ɗaya, to allon titi ma sai an tambayi na wane ɓangare ne. Ciyaman ɗin da ya sa wa layi sunan Bahaushe za a ce ya sayar da ƙasa, wanda ya sa na Birom a unguwar Hausawa za a ce tsokana ce. Shi ya sa suke gudun abin. Amma ni a ganina lamarin Liman shi ne irin wanda ya fi sauƙin wucewa, domin waɗanda za su fara tsayawa su kare allon su ne waɗanda ya ɓoye.

Takardar Kawu

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, da ya shafe sama da shekara talatin yana aikin agaji a ƙungiyar addini. Jos gari ne na 'yan agaji. A nan aka kafa Izala a 1978, ga na Jama'atu, ga na Fityanu, ga matasan coci masu kaki da ganguna, ga Red Cross. Duk inda aka ji ƙara, kafin jiniya ta iso su sun iso.

Ranar Talata 20 ga Mayu, 2014, da bam ya tashi a kasuwar Taminus, Kawu na cikin waɗanda suka ruga. Abin da ya sa wannan rana ta fi sauran muni shi ne bam na biyu, wanda ya tashi bayan kamar rabin awa, lokacin da masu ceto suka riga suka taru. An dasa shi ne dominsu. NEMA ta ce aƙalla mutum 118 suka mutu. Kawu ya tsira ne saboda a lokacin ya tura wata mata a baro ya nufi asibiti da ita. Kunnensa na hagu bai ƙara ji daidai ba tun ranar, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama.

Bayan wani lokaci wani ofishi ya shirya taron karrama masu aikin ceto, aka aiko musu da goron gayyata. Na raka shi. An ce ƙarfe goma, manyan baƙi suka iso bayan azahar. Kafin nan su Kawu, da yake sun zo cikin kaki, sai aka ce su taimaka su jera kujeru, su tsare ƙofa, su nuna wa motoci wurin tsayawa. Suka yi, don jikinsu ya saba. Da aka fara, an ɗauki kusan awa biyu ana miƙa wa manyan baƙi allunan gilashi, kowa da kirarinsa: uban taro, babban baƙo, baƙo na musamman, mai masaukin baƙi. Da aka zo kan waɗanda aka tara jama'a dominsu, babban baƙo ya riga ya duba agogo. Sai aka kira shugaban kowace ƙungiya ya karɓi damin takardu a madadin yaransa, a raba a waje.

Takardar Kawu an buga ta ne da gurbin suna a buɗe, wani ya cike da maka, ya kuma kuskure sunan mahaifinsa. A mota na kasa haƙuri.

"Kawu, wannan ai wulaƙanci ne. Ku ne fa kuka jera musu kujerun."

Ya juyo da kunnen dama, na maimaita. Ya yi murmushi ya ce, "Kai yaro ne. Wanda na yi dominSa ai bai kuskure sunan ba."

Na yi shiru, don ba a ja da irin wannan magana. Mutanen nan da yawansu tsoron riya suke, suna ganin in an yabe su a duniya an rage musu na lahira. Amma na lura da abu ɗaya: takardar nan mai kuskuren suna, ya kai an yi mata firam, tana rataye a zaurensa har yau. Kuɗin duba kunnen kuwa 'ya'yansa suka haɗa.

Tsoron riya nasa ne, tsakaninsa da Ubangijinsa. Bai sauke wa hukuma nata nauyin ba. Kuma in da za a tambaye shi me yake so, na tabbata ba gilashi zai ce ba. Zai ce safar hannu, don da hannu tsirara suke ɗaukar gawa. Zai ce katin da zai shiga asibiti da shi in ya ji rauni a bakin aiki. Zai ce a duba marayun abokin aikinsa da bai dawo ba.

Akwai kuma waɗanda ba za su so a kira sunansu a lasifika ba sam, ba don riya ba, don tsoro. Tun rikicin 7 ga Satumba, 2001, zuwa na 2008 da na 2010, babu unguwar da ba ta da labarin wanda ya ɓoye maƙwabcinsa a ƙarƙashin gado ko a rufin ɗaki, Musulmi ya ɓoye Kirista, Kirista ya ɓoye Musulmi. Ana faɗin labaran nan ne da murya ƙasa-ƙasa, domin a unguwarsu wani zai iya kiran mutumin munafuki. Rufe fuskar Liman da BBC ta yi ba rashin dalili ba ne. Saboda haka duk hukumar da za ta karrama irin waɗannan sai ta fara zuwa ta tambaye su a asirce. Wani ya yarda a fito da shi, wani a biya wa ɗansa kuɗin makaranta shiru, a bar kaza cikin gashinta. Wannan aiki ne da na nesa ba zai iya ba.

Busa Buji

Ranar Alhamis 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Aiwatarwa wani zance ne daban. Washegari Juma'a da safe, benen makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ta Arewa ya rufta kan ɗalibai suna cikin aji. Mutum 22 suka rasu, sama da 130 aka kai asibitoci. Gwamna Caleb Mutfwang ya ayyana zaman makoki na kwana uku, gwamnati ta umarci asibitoci su karɓi yara ba tare da neman kuɗi ko takarda ba, wanda mataki ne mai kyau.

Duk wanda ya ga hotunan ranar ya ga su wa ke kan ɓaraguzai kafin manyan motocin haƙa su iso: mutanen unguwa, da diga da shebur da hannu, suna miƙa bulo daga wannan zuwa wancan. Masu Keke suna jigila. Da aka yi shelar neman jini, matasa suka yi layi. Ba wanda ya tsaya tambayar yaron da ya ciro masallaci yake zuwa ko coci. Daga baya jami'an NEMA da na jiha da sojoji da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana suka haɗu aka ƙarasa aikin.

Mutanen nan ɗaruruwa ne, kuma ba za a samu fuska ɗaya da za a aika Washinton ba. Abin da lamarin Nghar ya koya mini shi ne sunaye suna ɓacewa da sauri fiye da yadda ake zato. A makon farko kowa ya san wanda ya shiga rami ya fito da yara uku. Bayan wata shida sai a ce wani yaro ne dogo daga layin baya. Bayan shekara huɗu, in lamba ta tashi zuwa, wanda ya fi kusa da mai rubuta jerin shi zai shiga.

Maganin wannan littafi ne mai bango, irin wanda ake rajistar haihuwa a ciki, a ajiye a ofishin kowace gunduma. Duk lokacin da gobara ko ambaliya ko rushewar gini ko rikici ya auku, cikin mako guda mai unguwa da kansila da liman da fasto su zauna su rubuta: wane, ɗan wane, ya yi kaza, shaidu wane da wane, ya ji rauni ko bai ji ba, yana so a ambace shi ko ba ya so. Daga wannan littafi ciyaman zai ciro waɗanda zai kira ranar da ya ware a shekara, daga shi za a ciro sunan layi, daga shi jiha za ta aika wa kwamitin Abuja in an nemi sunaye. Hukumar samar da zaman lafiya da Filato ta kafa a 2016 tana da mutane a ƙasa da za su iya taya wannan aiki.

Na kai wa Kawu wannan shawara ina jin na zo da sabon abu. Ya saurara, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta, bangonsa ya yage an liƙe da salatif. Tun 2001 yake rubutawa: kwanan wata, wuri, sunayen 'yan agajin da suka fita, da alamar jan biro gaban waɗanda ba su dawo ba. A shafin 20 ga Mayu, 2014, akwai wani layi a ƙasa da ya rubuta "mai baro, ban san sunansa ba, shi ya ba ni baron."

Na tambaye shi ko wani daga hukuma ya taɓa neman ganin littafin. Ya ce in zagayo ta dama, bai ji ba.